Babi na Shida: Allurar da Ke Faɗin Sauran Ƙarfin Agogo

Duk wanda ya taɓa ɗaura tsohon Seiko 5 ya san girgizar nan ta safe. Agogo ya kwana biyu a kan tebur, an tashi an tarar ya mutu, sai a riƙe shi a tafin hannu a yi ta kaɗa shi har hannun daƙiƙa ya motsa. Injin da ke cikin da yawa daga waɗannan agoguna, wanda kamfanin ya sa wa lamba 7S26, ba a wana shi da maɓallin gefe, motsin hannu kaɗai ke ba shi ƙarfi. Bayan an gama girgizar kuma, babu mai iya gaya maka nawa aka zuba a ciki. Na awa ɗaya ne? Na wuni ne? Agogon dai yana tafiya, iyakar abin da ka sani ke nan.

Agogon da ba ya aiki da batir haka halinsa yake, ba ya sanar da kai ya kusa tsayawa. Shi ya sa wasu kamfanoni ke ƙara wata ƙaramar allura a fuskar agogo, tana tafiya a kan ɗan baka mai lambobi, daga sifili zuwa 40 ko 72, ko kwana 7. Aikinta ta nuna awoyin da suka rage kafin agogo ya tsaya. In ka dube ta sai ka ɗauka ita ce mafi sauƙin abin da ke fuskar. Amma a bayanta akwai wata matsala ta lissafi da sai da aka ƙera mata giya ta musamman.

Inda tsayawar agogo take nufin halaka

A teku aka fara ɗaukar wannan allura da muhimmanci. Kafin zuwan rediyo, matuƙin jirgin ruwa yana gane nisan da ya yi gabas ko yamma ne ta hanyar kwatanta lokacin wurin da yake, wanda yake samu daga rana da taurari, da lokacin Girinwich na Ingila, wanda agogon jirgi ke riƙe masa. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. Saboda haka kuskuren minti 1 a agogo, a yankin tsakiyar duniya, daidai yake da kuskuren kusan kilomita 28 a kan ruwa. Wannan kuskure ne kawai. In kuwa agogon ya tsaya gaba ɗaya a tsakiyar teku, lokacin Girinwich ya tafi ke nan, babu maƙwabcin da za a tambaya.

John Harrison, kafinta ɗan Ingila da ya koya wa kansa ƙirar agogo, shi ya nuna cewa ana iya ƙera agogon da zai riƙe lokaci a teku, da agogonsa na huɗu da ya kammala a 1759. Waɗanda suka biyo bayansa suka sauƙaƙa ƙirar har ta zama ta kasuwa, kuma a ƙarni na 19 agogon jirgi ya samu siffar da aka san shi da ita: akwatin katako, farar fuska, da ƙaramar allura a sama mai nuna awoyin da suka wuce tun wanawar ƙarshe, yawanci daga sifili zuwa 56. Ana wana shi kullum a lokaci guda, a kuma kai wa kyaftin rahoton an yi. Awoyin da suka haura 24 ɗin ajiya ce saboda mantuwa. Jirgin Beagle da ya ɗauki Charles Darwin a 1831 agogo 22 ya tafi da su, don haka mai kula da su yana buƙatar ya gane da kallo ɗaya wanne ya wana, wanne ya tsallake.

Sai dai maƙeran agogon jirgi sun ci sauƙi. A cikin injinsu akwai wani ƙarfe mai siffar mazurari, mai tsagi a jikinsa, wanda siririyar sarƙa ke naɗuwa a kai don daidaita ƙarfin sifirin da ke tuƙa agogon. In ana wanawa, ƙarfen yana juyawa ta gefe ɗaya, in agogo yana tafiya sai ya juyo da baya. Ka haɗa masa giya biyu ko uku da allura, aiki ya ƙare: in ya je, allura ta je, in ya dawo, ta dawo. Agogon hannu ba shi da filin ɗaukar mazurari da sarƙa, in ban da 'yan ƙalilan masu tsadar gaske. To, a nan gizo ke saƙa.

Sanda tana gaba, ganga tana bin ta

Ƙarfin agogo yana cikin babban sifirin ne, wato siririn ƙarfe mai kaurin kusan kashi 1 cikin 10 na milimita, tsawonsa a agogo na yau da kullum bai cika kai rabin mita ba. An naɗe shi cikin wani ɗan gwangwani mai haƙora a gefensa, wanda ake kira ganga. Bakin sifirin na ciki yana maƙale da sandar da ke tsakiyar ganga, bakinsa na waje yana kama da bangonta.

In ka murza maɓallin gefe, sandar tsakiya ce ke juyawa tana naɗe sifirin a jikinta. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji, ɗan maƙalli ne ke faɗawa tsakanin haƙora don hana sandar komawa baya. Ka lura da wannan sosai: sandar ba ta taɓa komawa baya. In agogo yana tafiya, tana tsaye cik, gangar ce ke juyawa a hankali tana tura sauran giyoyi, kuma ta gefen da sandar ta bi take bi. Wato sanda tana yin gaba, ganga tana biye da ita. Ranar da ganga ta cim ma sanda, sifirin ya warware, agogo ya tsaya.

Ke nan babu wani ƙarfe guda a cikin injin da matsayinsa zai gaya maka abin da ya rage. Sanda ta san abin da ya shiga kawai. Ganga ta san abin da ya fita kawai. Abin da ake nema shi ne tazarar da ke tsakaninsu.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. A ce sifirin yana cika ne da juyi 7 na sanda, kuma ganga tana yin juyi 1 a kowace awa 6. Cikakken ƙarfi awa 42 ke nan. Ka wana shi ya cika da asuba, zuwa magariba awa 12 sun wuce, ganga ta yi juyi 2, saura 5, wato awa 30. Ka ƙara wa sanda juyi 1, tazara ta koma 6, awa 36. Lissafin ɗan aji uku ne, tarawa da ɗebewa. Wahalar ita ce a sa ƙarfe ya yi shi, ba tsayawa, a cikin fili da bai kai faɗin farce ba, kuma a agogon otomatik shiga da fita suna faruwa a lokaci ɗaya.

Allurar nan, a taƙaice, ma'aji ce da ba ta taɓa buɗe akwatin kuɗi ba. Tana rubuta abin da aka kawo, tana rubuta abin da aka cire, ta faɗi ragowar. Ba ta taɓa sifirin ba, ba ta auna ƙarfinsa. Duk amfaninta da duk ƙaryar da takan yi daga nan suke fitowa.

Giyar da ke yin ɗebewa

Na'urar da ke wannan lissafi 'yar'uwar wadda ke cikin aksul ɗin bayan mota ce, wadda ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. A mota, juyi ɗaya ne ke shigowa daga inji a raba shi biyu. A agogo an juya aikin: biyu ke shigowa, ɗaya ya fita.

Ga yadda take. Giya biyu suna kan sanda ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowacce tana juyawa ba ruwanta da 'yar'uwarta. Ta sama tana karɓar juyi daga sandar sifirin, ta ƙasa daga haƙoran ganga, amma an saka wata giya a hanya don ta juya akasin ta sama. A tsakaninsu akwai ƙaramar giya da ke cizon su duka biyu, kuma ita tana ɗaure ne a jikin wani hannu da ke iya zagaye sandar. Wannan hannu shi ke tuƙa allura.

In kana wanawa, ta sama tana juyawa, ta ƙasa kusan a tsaye take. Ƙaramar giya ba ta da zaɓi sai ta gangara a kan ta ƙasa, ta ja hannun gaba, allura ta hau. In ka ajiye agogo yana tafiya, ta sama ce a tsaye, ta ƙasa tana juyawa baya, ƙaramar giya ta gangara a kan ta sama, allura ta sauko. In duka biyun suna juyawa da gudu ɗaya, ƙaramar giya sai ta yi ta juyi a inda take, hannun bai motsa ba, allura ta tsaya: abin da ke shiga daidai yake da abin da ke fita. Babu kuloci da ke sauya aiki tsakanin wanawa da tafiya, siffar haƙoran ce kawai ke lissafin. Saboda ƙarancin wuri, yawancin kamfanoni suna shimfiɗe wannan tsari ne, ƙananan giyoyi suna zagaye wata ta tsakiya a kwance, wasu ma sun maye gurbin ƙaramar giyar da ƙananan ƙwallaye da ke gangarawa tsakanin faifai biyu.

Sai kuma rage gudu. Juyi 7 na misalinmu dole a matse shi cikin ɗan bakan da ke fuskar agogo. In bakan digiri 120 ne, wato sulusin da'ira, to sai an rage juyin sau 21. Kowace giya da aka ƙara tana kawo ɗan wasa tsakanin haƙora, kuma da yake allurar nan gaba da baya take yi, saɓanin hannun awa da na minti, wasan yana fitowa fili: ka fara wanawa, allura ta yi jim kafin ta amsa. Maƙera masu kula suna sa siririn sifirin da ke danne haƙoran gefe guda don kashe wannan wasa.

Akwai wata hanya da na fi jin daɗin kallonta. Sukuru ne mai zare, da noti mai siffar mazurari a jikinsa. Sandar sifirin tana juya sukuru, ganga tana juya noti. In ɗaya ya juya ɗaya yana tsaye, noti ya hau ko ya sauka. Wani ɗan hannu yana jingine da gangaren mazurarin, in noti ya hau ya ture shi, in ya sauka ya biyo shi, allura tana bin hannun. Duk wanda ya taɓa ɗaure noti zai gane aikinta nan take. Illarta tana son tsayi, agogo kuma ana son shi siriri, don haka an fi ganin ta a manyan agoguna da ake ƙerawa don a nuna cikinsu.

Matsalar otomatik

Agogon aljihu ya daɗe da samun wannan allura. Abraham-Louis Breguet ya sa ta a agogunansa masu wana kansu a Faris tun ƙarshen ƙarni na 18. Agogon hannu kuwa sai 1933 gidan Breguet ya ƙera guda na gwaji, kuma sai 1948 kamfanin Jaeger-LeCoultre na Suwizalan ya fitar da ita kasuwa da yawa, a agogonsa Powermatic. Ba mamaki da ya zama na otomatik ne. A lokacin, agogo mai wana kansa sabon abu ne ga yawancin mutane, wanda ya saba murza maɓalli kowace safiya yana son shaidar cewa ƙarfen nan mai nauyi da ke lilo a ciki yana aikinsa da gaske.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin otomatik ya zo da nasa ciwon kai. Agogon da ake wanawa da hannu, in ya cika, maɓalli yana tauri, yatsunka su daina. Ƙarfen otomatik ba ya dainawa. Muddin hannunka yana motsi, yana tura sanda, da an bar shi haka da ya tsinke sifirin ko ya karya haƙora. Maganin ya girmi agogon hannu na otomatik: Adrien Philippe, wanda sunansa ke cikin Patek Philippe, ya yi rajistar dabarar a 1863. Ba a ɗaure bakin sifirin na waje da bangon ganga, sai a haɗa masa wani guntun ƙarfe mai tauri da ke danne bangon. In sifirin ya cika, guntun sai ya ɗan zame a jikin bangon, ya sake kamawa.

Ga ma'ajinmu wannan babbar matsala ce. Sanda tana ta juyawa, yana ta rubuta shiga, alhali babu abin da ke taruwa. Da za a bar shi, allura za ta wuce ƙarshen bakan ta ci gaba. Saboda haka ake sa wani ɗan turke da ke tare ta a kan cika, a kuma haɗa ɗaya daga giyoyin da gogayya kawai, yadda in an tare allura giyar za ta zame maimakon ta karye. Wannan zamewa tana da wata fa'ida ta gefe: duk lokacin da agogo ya cika da gaske, lissafin yana komawa daidai.

A nan ne kuma allura take iya yi maka ƙarya da zuciya ɗaya. Ana shafa wa bangon ganga wani man shafawa na musamman da ke daidaita zamewar. In bangon ya side, ko mai gyara ya shafa man da bai dace ba, sifirin zai riƙa zamewa tun bai cika ba. Sanda ta yi juyinta 7, allura ta hau har ƙarshe, amma abin da ya zauna a ciki na juyi 4 ne. Sai ka ga agogo ya mutu allura tana nuna saura awa goma sha wani abu. Haka nan in mai gyara ya mayar da allura a kan sandarta ba tare da ya fara sauke sifirin har ƙasa ba, sifilinta zai saɓa da na injin. Ƙwararre yana sakin maƙalli a hankali, yana riƙe da maɓalli don kada ya fizge, sai sifirin ya warware sarai sannan ya dasa allura a kan sifili.

Awoyi ba ɗaya ba ne

Ko da lissafin ya yi daidai, akwai abin da allura ba ta faɗa. Sifirin ba ya ba da ƙarfi iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Yana farawa da ƙarfi fiye da kima, ya daɗe a tsakiya yana raguwa kaɗan-kaɗan, daga ƙarshe ya faɗi da sauri. Zoben lilo, wanda ke yanka lokaci, yana jin wannan. A cike, lilonsa yakan kai digiri 270 zuwa 300. In ƙarfi ya ragu lilon ya taƙaita, kuma da ya taƙaita sosai, duk wani ɗan rashin daidaito a zoben yana fitowa, agogo ya fara gudu ko jinkiri. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda ke gwada inji kwana 15 ta ba shi shaida in bai wuce jinkirin daƙiƙa 4 ko gudun daƙiƙa 6 a rana ba, kullum take wana injin da take gwadawa. Shaidarta ba ta ce komai a kan awa ta 60 ba.

Kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban. IWC, a injinsa na kwana 7 da ya fito a 2000, yana da sifirin da zai iya wuce kwana 8, amma aka sa na'urar da ke tsayar da agogo a awa 168. Sun gwammace ya tsaya da ya ci gaba yana faɗin lokacin da ba daidai ba, kuma a ganina sun yi gaskiya. A. Lange & Söhne na garin Glashütte a Jamus, wanda agogonsa Lange 1 na 1994 ya sa wannan allura ta zama ado, ya fitar da Lange 31 a 2007: kwana 31, sifirin biyu kowanne mita 1.85, da makulli ake wana shi saboda maɓalli ba zai iya ba. Ƙarfin da ke ciki a ranar farko da na ranar ƙarshe ba su ma yi kusa ba, don haka aka sa wani ƙaramin sifirin a tsakani, wanda babban ke ɗana shi duk daƙiƙa 10, shi kuma ya riƙa ba zoben lilo ƙarfi iri ɗaya. Oris kuwa, a injinsa mai lamba 110 na 2014, mai kwana 10 da ganga ɗaya, allurar ya gyara: tana tafiya a hankali a kwanakin farko, ta ƙara sauri a na ƙarshe, lambobin suna ƙara nisa da juna daidai inda mai agogo ke buƙatar gani dalla-dalla.

Akwai kuma masu tsere kawai, irin Hublot da ya jera ganga 11 a 2013 ya samu kwana 50, har sai da ɗan injin lantarki ake wana agogon. Wannan nuna bajinta ce, ba buƙata ba.

To wa ke buƙatar allurar? Mai agogon da ake wanawa da hannu mai kwana 7 ko 8 yana buƙatarta ƙwarai, domin abin da ba kullum ake yi ba shi ake mantawa. Mai otomatik da ke wuni a zaune gaban kwamfuta shi ma za ta yi masa amfani, don sau da yawa agogonsa a ƙasan baka yake rayuwa bai sani ba, yana zargin inji alhali motsi ne ya yi kaɗan. Amma a agogon awa 40 da ake wanawa kowace safiya, ƙarin giyoyi ne da ƙarin kuɗin gyara. Ba lallai sai mai hannu da shuni ba, Orient na Japan ya daɗe yana sa ta a agoguna masu matsakaicin kuɗi, kuma lissafin da take yi a can shi ne wanda take yi a na miliyoyi.

In kana da irin wannan agogo, gwada allurarsa sau ɗaya. Wana shi ya cika, rubuta lokaci, ajiye shi a kwance kada ka taɓa. In ya tsaya, hannuwansa za su nuna maka lokacin da ya mutu, ka ƙirga awoyin, ka kuma duba inda allura take. In tana kan sifili, ko agogon ya ɗan wuce sifili yana tafiya, lafiya lau. In ya mutu tana nuna saura da yawa, kai shi wurin mai gyara ya duba ganga. Bayan haka, kada ka jira ta kai ƙasa: da ta sauko sulusin ƙarshe, wana shi.